Gem ɗin Kocin Ƙwallo: Abin da Yake Koyarwa Kan Tara, Alkawari da Iya Magana

Akwai wani wasan ƙwallo na kwamfuta da waya wanda mai yin sa ba ya taɓa ƙwallo ko sau ɗaya. Ba ya bugu, ba ya yanka, ba ya zura ƙwallo a raga da hannunsa. Aikinsa shi ne ya hau kujerar koci: ya sayi 'yan wasa, ya sayar, ya tsara atisaye, ya fitar da sha ɗayan farko, sannan ya naɗe hannu ya ga abin da za su yi masa a fili. Shi ya sa iyaye da yawa a Zangon Kumasi, ko Nima ta Akra, ko unguwar Briketeri ta Yawunde, suke rasa gane abin da yaro ke kallo. Ka leƙa allon, ba ka ga ana gudu ba, sai rubutu da lambobi reras kamar littafin bashi, amma yaro ya ɗaure fuska kamar wanda kwastan suka riƙe wa kaya.

Sau da yawa ba ƙwallo ce ta ɗaure masa fuskar ba, mutane ne. Ɗan wasan gabansa ya yi fashin atisaye. Mai tsaron bayansa ya karɓi jan kati na banza. Wani yana ƙorafin an shanya shi a benci bayan an yi masa alkawari, kyaftin kuma ya aiko wai 'yan wasa na son ganin koci. Wato dai irin ciwon kan da duk maigidan da ke da yara uku ko huɗu a shago ya sani: wa za a yi wa faɗa, wa za a rarrasa, wa za a sallama, kuma da wane baki za a faɗi maganar.

Don haka ya dace mu dubi wannan gem da kyau, ba don 'ya'yanmu kaɗai ba. Akwai abin ɗauka a cikinsa. Akwai kuma abin da in aka ɗauko shi aka kawo shago ko gida, ɓarna za a yi.

Daga ina ya fito?

Asalin abin daga Ingila ne. Wasu 'yan'uwa biyu magoya bayan Everton, Paul da Oliver Collyer, su suka rubuta shi a ɗakinsu, ya shiga kasuwa a 1992 da sunan Championship Manager. Daga baya suka kafa kamfanin Sports Interactive. A 2003 suka raba gari da kamfanin Eidos da ke sayar musu da wasan. Eidos ya riƙe sunan, su kuma suka riƙe ainihin manhajar da rumbun bayanan 'yan wasa. Ɗan kasuwa ya san wanda ya ci ribar wannan rabo: ɗaya ya tafi da allon shago, ɗaya ya tafi da kaya. A ƙarshen 2004 suka dawo da sabon suna, Football Manager, ƙarƙashin kamfanin Sega na Japan, wanda ya saye su a 2006. Tun daga nan kusan kowace shekara sai an fitar da sabon bugu. Na 2025 ne aka soke, na 2026 kuma ya fito a Nuwamban 2025, da ƙwallon mata a ciki karon farko.

Ƙarfinsa yana cikin rumbun nan. Mutane sama da dubu a ƙasashe daban-daban ke tattara bayanan 'yan wasa na gaske, har na ƙungiyoyi irin su Kano Pillars da Asante Kotoko da Coton Sport ta Garwa. A 2008 kulob ɗin Everton ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin don ya riƙa duba rumbun wajen neman 'yan wasa. Akwai wasu gem masu kama da shi, kamar Top Eleven, wanda kamfanin Nordeus na Sabiya ya fitar a 2010, da Online Soccer Manager na ƙasar Holan. Amma wajen mu'amala da 'yan wasa babu wanda ya kai Football Manager zurfi, shi ya sa bayanin nan ya dogara a kansa, musamman bugun 2018 zuwa na 2024.

Kowa da halinsa

Gem ɗin yana auna kowane ɗan wasa da maki daga 1 zuwa 20. Wasu makin a fili suke: gudu, ƙarfi, iya bugu, jajircewa, iya shugabanci, zafin kai. Wasu kuwa a ɓoye suke, ba a nuna wa koci lambarsu: riƙon aiki da gaskiya, buri, amana ga kulob, jure matsi, haƙuri in an tsokane shi, son tada ƙura a jarida, da saurin sabo da baƙuwar ƙasa. Sai dai koci ya tsinto su daga rahoton masu farautar 'yan wasa, da 'yar kalma ɗaya ko biyu da aka siffanta mutumin da ita, da kuma zama da shi.

A nan ne gem ɗin ya kama gaskiya. Magana ɗaya, mutum biyu, sakamako biyu. Ka gaya wa mai riƙon aiki cewa atisayensa ya yi sanyi, zai amsa laifi ya ƙara ƙwazo. Ka faɗa wa mai gajeren haƙuri wannan maganar, sai ya murtuke, gobe ka ji yana neman a sayar da shi. Matashi mai baiwa amma maras riƙon aiki kuwa, shekaru za su wuce bai kai inda aka yi zato ba, yayin da wani da bai kai shi baiwa ba ya wuce shi.

Duk wanda ya taɓa ɗauko yaro daga gida ya kawo shi Kwatano ko Duwala ya san wannan. Wayon ciniki a rana ɗaya ake ganinsa. Amana da haƙuri sai an kwana biyu. Tsofaffin 'yan gem ɗin sun daɗe da gane haka: kafin su duba ƙafar ɗan wasa, halinsa suke fara dubawa.

Dokar gida

Daga bugun 2020, a farkon kowace kakar wasa akan zo wa koci da maganar rubuta dokar ladabtarwa, shi da kyaftin su amince a kanta. A nan ake yanke abin da zai biyo bayan laifuffuka irin su fashin atisaye da karɓar jan kati. Kuma hawa-hawa ne. Laifin farko gargaɗi, na biyu yankan albashi, in an sake abin ya ƙaru, har ta kai a mayar da mutum cikin ƙaramar ƙungiya. Tarar ba ta wuce albashin mako biyu, wanda shi ne iyakar da aka saba da ita a kwantiragin 'yan wasan Ingila.

Amfanin dokar shi ne an yi ta tun rai bai ɓaci ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan laifi ya auku, hukunci ya riga ya san hanyarsa, kuma ɗan wasa ba shi da bakin cewa koci ya tsane shi. Kocin da ya ƙi rubuta dokar, ya ce shi zai riƙa yanke hukunci yadda ya ga dama, yana da wannan damar. Amma duk tarar da ya ci wani ba bisa hujja ba, mutumin zai zo ofis da fushinsa, kuma sau da yawa ba shi kaɗai zai zo ba.

A ƙwallon gaske ma haka ne. A 2019 takardar tarar da Frank Lampard ya kafa wa 'yan wasan Chelsea ta fita duniya: makara zuwa atisaye fam 20,000, makara zuwa taro fam 500 kowane minti, waya ta yi ƙara ana cin abinci ko ana taro fam 1,000. A Fabrairun wannan shekarar, kafin zuwan Lampard, gola Kepa Arrizabalaga ya ƙi fita daga fili lokacin da koci Maurizio Sarri ya so canja shi a wasan ƙarshe da Manchester City. Aka yanke masa albashin mako guda, ya zauna a benci wasa ɗaya, sannan ya dawo bakin raga. Hukunci mai farko mai ƙarshe ke nan: an biya, an wuce wurin. A Disamban 2021 kuma Mikel Arteta ya karɓe kyaftin daga hannun Pierre-Emerick Aubameyang na Gabon kan saɓa dokar kulob, duk da cewa shi ne babban maciyin ƙwallon Arsenal a shekarun da suka gabata. Saƙon ya isa ga kowa: dokar ba ta ƙananan yara kaɗai ba ce.

Wa ke da faɗa a ji?

Bugun 2018 ne ya kawo babban sauyi. Daga nan gem ɗin ya fara nuna wa koci yadda 'yan wasansa suke a tsakaninsu, a jere kamar dala. A can sama akwai jagorori, ba su wuce uku ba. Ƙarƙashinsu masu faɗa a ji sosai, sai masu ɗan tasiri, sai sauran jama'a. Yana kuma nuna majalisu: su wa ke zama da su wa, bisa yare, ko shekaru, ko daɗewa a kulob. Sannan ga ma'aunai uku da koci ke kallo kullum: fahimtar juna a fili, yanayin ɗakin sauya kaya, da goyon bayan da yake da shi a wurin 'yan wasa.

Abin da wannan ke nufi shi ne, laifi ɗaya ba nauyi ɗaya ba ne. Ka saɓa da yaron da ya zo jiya, maganar ta tsaya tsakaninku. Ka saɓa da jagora, ko ka sayar da shi ba tare da ka shirya mutane ba, sai rabin ƙungiya ta tsaya a ƙofar ofishinka. In ka kasa gamsar da su, wasa ya lalace, shugabannin kulob su fara tunanin sallamarka. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Masu bin ƙwallo ba su manta abin da ya sami Faransa a gasar kofin duniya ta 2010 a Afirka ta Kudu ba. An kori Nicolas Anelka daga sansani bayan ya gaya wa koci Raymond Domenech baƙar magana a hutun rabin lokacin wasansu da Meziko. Sauran 'yan wasa, ƙarƙashin kyaftin Patrice Evra, suka ƙi yin atisaye suka koma cikin mota. Ƙungiyar da ta buga wasan ƙarshe a 2006 ta koma gida da maki ɗaya tak.

Amma jagora ba barazana kaɗai ba ne, makami ne. A gem ɗin, idan ɗan wasa ya yi fushi, koci na iya tura kyaftin ko wani babba ya je ya yi masa magana, kuma sau da yawa abin da koci ya kasa kashewa shi sai ya kashe. Haka babban yaron shago yake. Akwai maganar da in ta fito daga bakin Alhaji ta zama hukunci, in ta fito daga bakin babban yaro ta zama shawara.

Magana zarar bunu

Sau uku koci ke yi wa ƙungiya jawabi a ranar wasa: kafin a fara, hutun rabin lokaci, da bayan an tashi. Ba kalmomin kaɗai yake zaɓa ba, har da yadda zai faɗe su. Daga bugun 2021 aka ƙara motsin jiki: ya nuna yatsa, ya sa hannu a aljihu, ya riƙe ƙugu, ya buɗe hannuwa, ko in abin ya kai maƙura ya yi jifa da gorar ruwa. Nan take allon zai nuna yadda kowa ya karɓi maganar: wannan ya sami ƙarfin gwiwa, wancan ya tsorata, wancan kuma hankalinsa ma ba ya wurin.

A hankali mai yin gem ɗin yake gane ƙa'idojin. Ƙaramar ƙungiya za ta kara da babba, ba a ɗora mata nauyi, ce mata ake yi ta saki jiki. Ana cin uku da nema a rabin lokaci, ba a cika yabo, gargaɗi ake yi kada a yi sake. An ci wasa amma an buga shirme, ana iya faɗin gaskiya. An sha kashi amma an yi ƙoƙari, faɗa ba shi da amfani. Jifa da gorar ruwa kan farkar da mutane in sau ɗaya ne a shekara. In ta zama ta kullum, ba mai ko ɗaga kai. Yabo ma haka: ka yawaita shi ba dalili, ɗan wasan da kansa zai nuna maka bai ga abin yabon ba.

Sai kuma bambancin ɗaki da bainar jama'a. Koci na iya kiran ɗan wasa su keɓe, yana kuma iya sukarsa a gaban 'yan jarida. Na biyun ya fi haɗari nesa ba kusa ba. A Satumban 2023, bayan Arsenal ta ci Manchester United 3-1, Erik ten Hag ya gaya wa 'yan jarida cewa ya ajiye Jadon Sancho ne saboda yadda yake atisaye. Sancho ya mayar da martani a intanet, ya ƙi ba da haƙuri, aka ware shi daga ƙungiya wata da watanni. A Janairun 2024 aka ba da shi aro ga Borussia Dortmund, inda har ya buga wasan ƙarshe na kofin zakarun Turai. Ko wa ke da gaskiya a cikinsu, kulob ɗin ne ya yi ta biyan albashin mutumin da ba ya buga masa wasa. Shi kansa Alex Ferguson, da ya shuri takalmi cikin fushi a Fabrairun 2003 ya sami David Beckham a saman ido, bai wuce 'yan watanni ba Beckham ya koma Real Madrid.

Maigidan da ke zagin yaronsa a gaban kwastoma da maƙwabtan shago ya kamata ya tsaya a nan ya yi tunani. Yaro na iya shanye faɗan da aka yi masa a bayan kanta. Wanda aka yi masa a tsakiyar kasuwa kuwa, da shi zai kwana, da shi zai tashi.

Alkawari kaya ne

Babu abin da ke kayar da sababbin 'yan gem ɗin kamar alkawari. Wajen sayen ɗan wasa, ana yarjejeniya kan matsayinsa: tauraro ne, ko na sha ɗayan farko, ko mai jiran ko-ta-kwana. Don a shawo kansa ya sa hannu, koci kan yi saurin cewa zai riƙa buga kowane wasa, ko za a sayo wasu manyan 'yan wasa, ko za a sake shi in babban kulob ya zo nema. Gem ɗin yana da shafi guda da yake rubuta kowane alkawari da ranar cikarsa. Koci na iya mantawa, manhaja ba ta mantuwa. Ranar da wa'adi ya cika ba a cika ba, ɗan wasa zai daina yarda da duk wata magana ta koci, abokansa kuma su bi bayansa.

Abin mamakin shi ne, in tun farko ka ce masa a'a, wannan ba zan iya ba, sau da yawa ɓacin ran ɗan kaɗan ne, ya wuce. Ƙin yi ya fi saɓawa sauƙi.

'Yan'uwanmu na Gana sun ga wannan da idonsu a 2014. Ƙungiyar da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a 2010 ta je Brazil, rigimar kuɗin 'yan wasa da ba a biya a kan lokaci ba ta mamaye sansani, har sai da gwamnati ta aika da kuɗi tsaba, kimanin dala miliyan 3, a jirgin sama. A ranar wasansu da Fotugal hukumar ƙwallon ƙasar ta kori Sulley Muntari da Kevin-Prince Boateng daga sansani bisa zargin rashin ɗa'a. Aka ci su 2-1, suka dawo da maki ɗaya. Kuɗin dai an biya a ƙarshe, amma bayan yarda ta riga ta zube.

A kasuwa alkawarin da ya fi kowane nauyi shi ne na sallama: ka yi mini shekara kaza, zan ba ka jari. Yaron ma yana da nasa shafin a zuciya, kuma yana ƙirga kwanaki.

Baƙo a ɗakin sauya kaya

Wani ɓangaren da zai taɓa zuciyar duk wanda ya bar gida shi ne yadda gem ɗin ke kula da baƙo. Ka sayo matashi daga wata ƙasa, ba ya jin yaren wurin, ba shi da kowa a ƙungiya, sai ka ga wasansa ya faɗi ko da ya fi kowa iyawa. Wani har ya zo ya ce kewar gida ta dame shi. Magungunan da gem ɗin ya tanada sanannu ne: a sa shi ajin koyon yare, a roƙi wani tsohon ɗan wasa ya karɓe shi ya nuna masa gari, a ba shi hutu ya leƙa gida. Daga bugun 2019 kuma ana iya haɗa matasa da manya a ƙungiyar raino, don halin babba ya shafi ƙarami a hankali. In babban mai kirki ne, a ci riba. In malalaci ne, shi ma halinsa zai shafa.

Wannan ai ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tsarin zango tun zamanin fataucin goro a kan haka ya ginu: baƙo ya sauka wurin maigida, a ba shi masauki, a haɗa shi da dillali, a tsaya masa har ya san gari. Abin da gem ɗin ke tunatarwa shi ne, wata ukun farko na yaron da aka kawo ba lokacin auna shi ba ne. Wanda bai iya Faransanci ko Tuwi ba, bai san kuɗin ƙasar ba, bai saba da abincin ba, jinkirinsa ba lalaci ba ne.

Inda gem ya gaza

To, amma fa gem gem ne. Na farko, maganganun da ke cikinsa ƙidayayyu ne. Bayan kaka biyu ko uku, mai wayo ya haddace wace amsa ke faranta wa wa rai, sai ya riƙa latsa ta ba tare da ya karanta ba. Yaron da ya ɗauka haka mutane suke, cewa kowa yana da maɓallin da ake latsawa, ya koyi yaudara ne, bai koyi shugabanci ba. Na biyu, a gem nasara tana rufe kusan kowane aibi: ka yi ta cin wasa, masu fushi su huce. Na uku, in magana ta ɓaci, ana iya kashewa a koma inda aka ajiye wasan jiya a sake. A rayuwa babu wannan.

Akwai kuma rigimar da ba ta da amsa a cikin jerin zaɓi. A gasar kofin duniya ta 2022 a Katar, gola André Onana ya saɓa da koci Rigobert Song, ya bar sansanin Kamaru bayan ya buga wasa ɗaya kacal. Har yau in aka tada maganar a majalisa a Garwa ko Marwa sai an rabu biyu: masu cewa ba wanda ya fi ƙarfin doka, da masu cewa babba ya kamata ya san yadda zai riƙe gwaninsa.

Mafi muhimmanci shi ne maganar tara. Ɗan wasan da aka yanke wa albashin mako biyu ba zai kwana da yunwa ba. Yaron shago kuwa, ɗan abin da ake ba shi ne abincinsa, kuma wataƙila da shi ake cefane a gidansu can ƙauye. Ban da haka, doka ma ba ta yarda ba a wasu ƙasashen da muke zaune. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta hana mai aiki cin ma'aikacinsa tarar kuɗi, haka ma dokar ƙwadago ta Kamaru ta 1992. Abin ɗauka daga gem ɗin shi ne a san doka tun farko, a bi ta hawa-hawa, ta hau kan kowa. Yankan albashi a bar wa su Chelsea.

Ga yaron da ke mafarkin gem zai mai da shi koci, akan kawo misalin Will Still, wanda ya karɓi ƙungiyar Reims ta Faransa a 2022 yana ɗan shekara 30, kuma ya taso yana buga wannan gem. Gaskiya ne. Amma kafin nan ya yi shekaru yana aikin nazarin bidiyo da mataimakin koci a Beljiyam, kuma shi da kansa ya sha cewa an zuzuta rawar da gem ɗin ya taka.

Ga iyaye: kuɗi da lokaci

Ta fuskar tarbiyya, Football Manager ba shi da harbe-harbe ko batsa, kuma ba caca ba ne. Sai dai a lura, manhajojin cacar ƙwallo su ma cike suke da sunayen ƙungiyoyi da lambobi, daga nesa suna iya kama da juna. Kada a yi zato, a ce wa yaro ya nuna sunan abin da yake bugawa.

Ta fuskar kuɗi, na kwamfuta saye ake yi. Na waya kuwa tun 2023 sai mai rajistar Netflix ke samunsa. Irin su Top Eleven kyauta ake sauke su, amma a ciki ake sayar da wasu kwabbai na gem da kuɗin gaske, kuma a nan ne kuɗi ke zurarewa kaɗan-kaɗan. Wayar da ake karɓar kuɗin ciniki da ita, ko wadda aka haɗa da katin banki, ba ta gem ba ce.

Babban haɗarinsa lokaci ne. Gem ne da ba shi da ƙarshe: kaka ta ƙare, wata ta fara, kuma kullum saura wasa ɗaya a kwanta. A yanka masa lokaci, bayan makaranta da aikin shago, a kuma yanka tare da shi tun kafin rigima ta taso, kamar dai yadda shi ma yake yi da kyaftin ɗinsa. Riba ɗaya da ba a cika lura da ita ba: gem ne na karatu. Ana samunsa da Turanci da Faransanci, kuma yaro ba zai iya tafiyar da shi ba sai ya karanta saƙonni da kwantiragi da lissafin albashi.

In Alhaji ko Hajiya na son sanin abin da yaro ya ƙaru da shi, ba sai an iya gem ba. A tambaye shi: wane ɗan wasa ne ya fi ba ka wahala, kuma yaya ka yi da shi? Wa ka taɓa yi wa alkawari ka saɓa, me ya biyo baya? A saurari amsar da kyau. Wata rana wannan yaron ne za a bar wa makullin shago da yara uku a ƙarƙashinsa, maigida yana can kan hanyar Lome ko Kano. Gara a ji yadda yake tunani a kan mutane tun yanzu, tun kuskurensa bai wuce na cikin waya ba.